Tabar Wiwi da Sunan Magani: Wa Zai Riƙe Ma'auni?

 Sharhinmu na yau ya fi karkata ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Shekaru ke nan ana kai da komowa a ƙasar nan a kan wata mas'ala wadda, da wani ya ambace ta a zauren dagaci shekara 30 da suka wuce, da sai a ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a duba lafiyarsa: wato ko ya kamata hukuma ta ba da izinin noma tabar wiwi bisa lasisi da sa ido, domin a tatsi magani daga cikinta, a ba majinyata na gida, a kuma sayar wa ƙasashen waje. Mai sauraronmu da ke zaune a Kofa ko Riruwai yana iya cewa ina ruwan biri da gada, wannan ai zancen mutanen Abuja ne. To amma idan ya tuna cewa a Bebeji madatsar Tiga take, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Cewa ƙasar Tudun Wada da Doguwa na daga cikin waɗanda suka fi samun damina da ƙasa mai albarka a duk jihar Kano. Cewa dajin Falgore yana shimfiɗe a ƙofar gidansa. Cewa babbar hanyar da ke haɗa Kano da Zariya da kudancin ƙasa ta Kwanar Ɗangora take ratsawa. Cewa a Kiru aka ajiye makarantar gyaran halin waɗanda shaye-shaye ya ɗaiɗaita. Sannan ya tuna cewa waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, inda a can za a kaɗa ƙuri'ar halattawa ko hanawa, to zai gane cewa ko an yarda ko an ƙi, shi ne a sahun gaba na waɗanda hukuncin zai faɗa wa.

Bari mu fara da inda doka ta tsaya. Tun zamanin Turawa, a 1935, aka sanya wiwi cikin miyagun ƙwayoyin da aka hana. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta fitar da doka ta musamman a kanta, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomanta, da ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama da ita, kafin a sassauta hukuncin a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 1993 kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna. Wani abin lura kuma shi ne, tsarin mulkin 1999 ya sanya sha'anin magunguna da guba cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Saboda haka, saɓanin Amurka inda kowace jiha takan buɗe nata shirin ta kafa tata hukumar, a nan ba gwamnan da zai wayi gari ya halatta, ko na Kano ne ko na Ondo. Sai dai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka ko da Abuja ta buɗe ƙofa, gonar da za a shuka tana ƙarƙashin sa hannun Kano.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan halattawar shi ne marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, wanda a 2019 ya tafi ƙasar Tailan don ya ga yadda suke yi, hujjarsa kuwa ita ce dazukan jiharsa sun riga sun cika da gonakin wiwi na ɓoye, gara a fito da su fili gwamnati ta sami haraji. 'Yan majalisa irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun gabatar da ƙudurori, amma da aka kawo maganar zauren Majalisar Wakilai a watan Maris na 2023 sai ta gamu da turjiya, aka jingine ta. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, wanda ya hau kujerar a farkon 2021, ya sha bayyana ƙin amincewarsa da a halatta shanta a cikin ƙasa. An jingine ƙudurin, amma ba a binne shi ba, kuma duk wanda ya san yadda ƙamshin dala yake tayar da matattun ƙudurori ya san zai dawo.

To, shin akwai magani a cikin wannan ganye? Adalci ya wajabta a ce akwai, sannan a faɗi iyakarsa. Masana sun gano sinadarai masu yawa a cikinsa, biyu suka fi shahara: THC, wanda shi ne mai juya kai, wanda aka ware shi a ɗakin bincike a 1964, da CBD, wanda ba ya sa maye. Tun 1985 Amurka ta yarda da wani magani mai THC don tsayar da amai ga masu ciwon daji da ake yi wa ƙarin ruwan kashe cutar. A 2018 ta amince da Epidiolex, ruwan magani na CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani waɗanda ba sa jin sauran magunguna. A shekarar ce kuma Ingila ta ba ƙwararrun likitoci kaɗai izinin rubuta magungunan wiwi. Waɗannan duka abubuwa ne da aka tace, aka auna, aka rubuta adadinsu a jikin kwalba. Tsakaninsu da ƙullin da yaro yake saya a bayan tasha ya naɗe a takarda akwai tazara mai nisa, domin shi wannan ƙulli ba wanda ya san ƙarfinsa, ba wanda ya san abin da aka barbaɗa masa, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa yawan shansa tun ana ƙuruciya, musamman mai ƙarfi, yana ƙara haɗarin taɓin hankali.

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da yaro mai farfaɗiya ba zai yi wasa da zancen magani ba. Ya ga uwa tana tuƙa tuwo ido ɗaya a tukunya ido ɗaya a kan yaron, kada ya matso murhu. Ya ga an rufe bakin rijiya da tsohon kwano an ɗora dutse. Ya ga an ware masa kwanon cinsa daban saboda camfin cewa yawunsa na yaɗa cutar, alhali ba ya yaɗawa. Ya ga an sayar da akuya an yi turare da rubutu, an sayar da ta biyu an tafi birni. Irin wannan uwa, in aka ce mata akwai magani a cikin wiwi, ba za ta tsaya tambayar abin da majalisa ta ce ba, kuma ba mai zarginta. Amma ga gaskiyar da masu tallan halattawa ba su cika faɗa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa da magungunan da aka daɗe da sani, masu araha, sai dai mafi yawan majinyata a ƙasashe matalauta ba sa samunsu. Ashe ke nan abin da ya raba yaron Doguwa da lafiya, a mafi yawan lokaci, rashin likita ne a kusa da rashin ƙwayar da ba ta yankewa a asibiti. Waɗanda larurarsu ta kai ga CBD kaɗan ne daga cikin kaɗan, ko da yake kaɗan ɗin ma bayin Allah ne masu haƙƙi.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, kamar giya, mai gurɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai sa barci ya gusar da ji da gani. Ya sanya wiwi a gida na biyu, wanda hukuncinsa a wurinsa ta'aziri ne ba haddi ba, kuma bai ɗauke ta najasa ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya tsananta fiye da haka, ya riskar da ita ga giya a haramci da haddi. Zarkashi kuma ya wallafa risala sukutum a kan haramcinta. Sun saɓa a kan rabe-raben, amma ba su saɓa a kan haramcin gusar da hankali don jin daɗi ba, domin kiyaye hankali yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar. A ɗaya ɓangaren kuma, fuƙaha'u sun yi rangwame a shayar da mutum abin da zai gusar masa da ji idan za a yanke masa gaɓar da ta ruɓe, bisa ƙa'idar nan cewa larura tana halatta abin da aka hana, tare da 'yar'uwarta da ba a raba su, cewa larura gwargwadonta ake auna ta. Fatawa ta malamai ce, ba ta mai sharhi ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sharuɗɗan da suka gindaya: a sami likita masani kuma amintacce, a rasa wani maganin da zai tsaya a madadinsa, kada kuma a wuce ƙadarin buƙata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa uku yana bukatar wani wanda zai tabbatar an cika shi, kuma wannan shi ne aikin hukuma.

Magabata sun san haka. A shekara ta 319 bayan Hijira, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai ya hana kowa yin aikin likita har sai babban likitansa, Sinan bin Sabit, ya jarraba shi ya ba shi takarda, aka kuwa jarraba ɗaruruwa. Littattafan hisba na wancan zamani cike suke da bayanin yadda muhtasibi zai shiga rumfunan masu sayar da magani ya gano algus. Wato tun a wancan lokaci an fahimci cewa halaccin magani yana rataye da amincin wanda ya haɗa shi, da wanda ya sayar, da wanda ya duba su duka.

Dokar duniya ma a kan wannan ta ginu. A ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin waɗanda ake ganin ba su da wani amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Amma an bar ta cikin jerin waɗanda ake tsananta wa tsaro, tare da su mofin. Yarjejeniyar 1961, wadda Nijeriya take ciki, ta shimfiɗa abin da ya wajaba a kan duk ƙasar da ta yarda a noma ta: ta kafa hukuma guda, hukumar ta ayyana yankin da za a shuka da faɗin kowace gona, ta ba manomi lasisi da sunansa, manomi ya miƙa mata amfanin gonarsa kakaf, ita kuma ta karɓe shi a hannunta kafin wata huɗu da gama girbi, sannan shigarwa da fitarwa da sari duk su zama nata. Bayan wannan akwai ɗakin gwaji da zai auna ƙarfin sinadari, ya bincika maganin feshi da fumfuna da dalma. Akwai rajistar likitocin da aka yarje wa rubutawa. Akwai rajistar majinyata. Akwai lissafin da zai bi kowane tsiro daga ranar shuka har ranar da ya shiga kwalba.

Dattawan yankin nan sun san irin wannan tsari, domin sun gan shi a gyaɗa. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji wanda ya rasu a 1955, ya yi zamani da hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda ita ke yanka farashi, ita ke ba wakilai lasisin saye, ita kaɗai ke fitarwa waje. Waɗanda suka riski lokacin suna ba da labarin malamin duba kaya, yadda zai soke buhu da wani ƙarfe mai rami, ya zazzage 'ya'yan gyaɗa a tafin hannunsa, ya tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu ya duba yawansu, in ta yi ya sa a ɗinke a buga hatimi, in ba ta yi ba a zazzage a sake sheƙewa. Duk da wannan tsanani, a shekarun da farashi ya fi kyau a hayin iyaka, gyaɗa takan san hanyar Maraɗi da dare. Kwanan nan ma mun ga kamfanin tumatir na Kadawa, wanda aka buɗe a 2016, yana buɗewa yana rufewa, daga cikin dalilai har da cewa idan kwando ya yi tsada a kasuwa, manomi can yake kai kayansa. Idan haka ta faru ga gyaɗa da tumatir, waɗanda ribar karkatar da su 'yar kaɗan ce, me ake zato ga ganyen da dila yake jira a bakin gona da kuɗi a hannu, ba awo, ba gwaji, ba jiran biya?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tailan ɗin da aka je koyo, ta fara da halatta magani a ƙarshen 2018, a 2022 ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi tun ba ta gama rubuta dokar da za ta tsare cinikin ba, kafin a ankara shaguna dubbai sun buɗe a birane, har a 2025 gwamnati ta dawo tana wajabta takardar likita. Jihar Oklahoma ta Amurka ta buɗe nata shirin a 2018 da lasisi mai araha, dala 2,500, ba kuma iyaka ga yawan gonaki. Gonaki suka yi dubbai, masu duba su 'yan ƙalilan, ta kai a 2022 aka dakatar da ba da sabon lasisi, binciken da hukumar jihar ta sa aka yi a 2023 kuma ya nuna abin da ake nomawa ya ninka buƙatar majinyatan jihar sau 32. Ba sai an tambayi inda ragowar take tafiya ba. Lesoto, wadda ta riga kowa a Afirka a 2017, ta sa kuɗin lasisi da ya fi ƙarfin talaka, kamfanoni masu jarin waje suka shiga, ƙananan manoman kan duwatsu suka ci gaba da noman ɓoye kamar da.

Maroko ce ta fi kusa da mu, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya, kuma ta fi kowa taka-tsantsan. Dokarta ta 2021 ta halatta noma don magani da masana'antu kawai, ta kafa hukuma ta musamman, ta taƙaita shuka a larduna uku na tsaunukan arewa, Husaima da Shafshawan da Tawnat, ta wajabta wa manomi shiga ƙungiyar haɗin gwiwa da ƙulla yarjejeniya da mai saye tun kafin ya shuka. A 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa. Sai dai a lura da bambanci: mutanen waɗannan tsaunuka sun gaji noman wiwi kaka da kakanni, hukuma tana neman ta jawo tsohuwar ɓarna ne zuwa ƙarƙashin doka. Mu kuwa manomin Doguwa masara da rake ya gada, na Tudun Wada shinkafa, na Kiru da Bebeji dawa da gyaɗa da noman rani. Mafi yawan wiwin da ake sha a Kano daga dazukan Ondo da Edo da maƙwabtansu ake lodo ta. Kawo irinta nan da sunan magani dasa sabon abu ne a inda babu shi.

Yanzu sai mu juyo mu dubi kanmu, mu tambaya: yaya muka yi da amanar da aka riga aka ba mu? A da, maganin tari mai kodin halattacce ne, kamfanoni masu lasisi ke yin sa, doka ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Kowa ya san yadda abin ya kasance. Matashi zai tsaya a bakin kemis bayan magariba, ba gaisuwa mai tsawo, ya ajiye kuɗi a kan kanta. Mai shago ya waiga dama da hagu, ya sunkuya ƙarƙashin kanta inda ba a jera kaya, ya miƙo kwalba a baƙar leda. Kafin a kira isha'i an juye ta cikin robar lemo ana tafe ana kurɓa a gaban kowa. Haka aka yi shekaru, har matan aure da 'yan mata suka shiga, ba a motsa ba sai da BBC ta fitar da fim ɗin bincike a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Tiramol kuma, wanda ƙa'ida ta taƙaita ƙarfinsa, sai ga mai ninkin ƙarfin yana yawo a gonaki da wuraren haƙar ma'adinai, ana ba ɗan ƙwadago don kada ya gaji. Kasuwar magani ta Sabon Gari, wadda aka yi shekaru ana cewa za a tashe ta, sai a 2024 aka rufe shagunan bayan hukuncin kotu, aka tura 'yan kasuwar zuwa Ɗangwauro. A daidai wannan lokaci kuma, mai ciwon daji ko mai amosanin jini da ke birgima don azaba a asibitin karkara da wuya ya sami mofin, wanda shi ne maganin da aka tabbatar. Wato tsarinmu ya gaza ta fuska biyu: abin da ya kamata ya tsare ya zube a titi, abin da ya kamata ya isar bai isa gadon majinyaci ba. Kano kuma ba ta manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, abin da ya kai ga shari'a ta shekaru, ya kuma bar tabon rashin yarda da har rigakafin shan inna ya ɗanɗana kuɗarsa a 2003.

Ƙara da wannan, dajin Falgore mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, an sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi a cikinsa har sai da aka kai soja. Idan aka ba gona guda lasisi a gefen wannan daji, ta yaya jami'in da ya tare mota a hanyar Saminaka zai bambance buhun halal da na haram, alhali ganyen iri ɗaya ne, takarda kuwa ana iya buga ta a kowane shagon kwamfuta? Ruwan Tiga albarka ne saboda akwai bango da ƙofofi da ma'aikacin da ya san lokacin buɗewa da rufewa. Ba mai hankalin da zai tara ruwa tukuna sannan ya fara neman siminti.

Kada kuma masu cewa a bar komai yadda yake su ɗauka sun kuɓuta. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, kuma a jihar Kano kaɗai masu shaye-shaye sun haura miliyan 1. Wannan duka a ƙarƙashin haramci ya faru. Makarantar gyaran hali ta Kiru, wadda gwamnatin Kwankwaso ta buɗe a zangonta na biyu, da asibitin Dawanau, ko an haɗa gadajensu ba su ɗauki ko ɗaya bisa ɗari na masu buƙata ba. Wanda ya ce a'a ga halattawa, sannan ya yi shiru ga kasafin gyaran hali, rabin amana ya sauke.

Abin da muke gani shi ne a bi al'amarin daki-daki, a faro daga gadon majinyaci, gona ta zo ƙarshe in ma za ta zo. Da farko a wadata asibitocin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da magungunan farfaɗiya da na kashe raɗaɗi waɗanda aka riga aka sani. Na biyu, ga 'yan kaɗan ɗin da ƙwararru suka tabbatar ba abin da zai yi musu sai maganin da aka tace daga wiwi, a shigo da shi a kwalbarsa bayan NAFDAC ta gwada, a ajiye a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ƙwararren likita ya rubuta, a riƙe sunan kowane majinyaci da adadin da ya karɓa, bayan an nemi fatawar malamai a fili. Wannan ba ya bukatar ko taki ɗaya na gona. Na uku, hukumomin da ke neman a ba su sabuwar amana su fara nuna wa jama'a, da alƙaluma, shekara bayan shekara, cewa sun iya tsare kodin da tiramol, sun kuma hukunta nasu jami'an da aka kama da hannu a ciki. Sai bayan wannan ne zancen noma zai cancanci a saurare shi, shi ma da sharaɗin a tambayi hakimai da dagatai da masu unguwanni da limaman yankin da abin zai shafa, a kuma rubuta a cikin dokar cewa kason farko na duk kuɗin da aka samu na gidajen gyaran hali ne.

Saboda haka, ya ku jama'ar Kiru da Bebeji, ya ku jama'ar Tudun Wada da Doguwa, ranar da wannan ƙuduri ya dawo majalisa, kada ku tsaya a tambayar wakilanku ko suna goyon baya ko ba sa yi. Ku tambaye su wa zai ba da lasisi, wa zai duba mai ba da lasisin, jami'ai nawa aka tanada ga kowace gona, ina ɗakin gwajin yake, nawa ne kuɗin lasisin kuma ɗan wane gari ne zai iya biya, mene ne hukuncin wanda ya karkatar da buhu guda, kuma wa zai ɗauki nauyin yaron da ya haukace. Wakilin da ya kasa amsa waɗannan bai karanta abin da zai kaɗa wa ƙuri'a ba, kuma haƙƙinku ne ku gaya masa haka tun kafin ya ɗaga hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana.